Bin Ruwa a Mota Daga Duwatsun Riruwai Zuwa Fadamar Baturiya

Ruwan da ke zubowa daga duwatsun kudancin Kano a damina, shi ne wata rana masuncin Haɗeja ke jefa wa koma. Daga tuddan Doguwa da gangaren tsaunukan Jos yake taruwa ya zama Kogin Kano, ya ratsa dajin Falgore, a tare shi a madatsar Tiga, ya haɗu da Kogin Challawa kafin Wudil. Daga nan ne yake ɗaukar sunan Kogin Haɗeja, ya je ya baje a fadamun Baturiya, abin da ya rage ya nufi Yobe da Tafkin Chadi. Wanda ya bi wannan ruwa a mota daga sama har ƙasa zai ga inda yake faɗowa daga kan dutse, ya shiga kogon da mutanen dauri suka yi wa zane, ya tsaya a bakin ruwan da ido ba ya kai wa ƙarshensa, duk bai fita daga Kano da Jigawa ba. Teku tana can Legas, wajen kilomita 1,000 daga nan, mai hali ya je. Amma ina jin takaicin yadda ɗan Kibiya ko ɗan Jahun zai girma har ya yi iyali bai taɓa tsayawa a gaɓar Tiga ba, alhali abu ne na wuni ɗaya. Tafiyar da zan tsara a nan ta kwana biyar ce, kuma ana iya raba ta biyu.

Fara da zaɓen lokaci

Ruwa ne ke yanka maka ranar tafiya, ba hutun aiki ba. Magangarar ruwa a ƙasarmu ta damina ce. Daga Agusta zuwa farkon Oktoba take da ƙarfi, zuwa tsakiyar hunturu ta zama ɗan zirin ruwa a jikin dutse, a bazara kuwa wasu sai dai ka ga baƙin tabon inda ruwa ya bi. Fadamar Haɗeja akasin haka take. A Agusta da Satumba ambaliya kan yanke hanyoyin yankin Ringim da Auyo da Kafin Hausa da Haɗeja, kamar yadda aka gani a 2022, tsuntsayen da ke zuwa daga Turai kuma sai sanyi ya kama a can suke cika fadamar, wato daga Nuwamba zuwa Fabrairu.

Saboda haka shawarata ita ce a yi tafiya biyu: ɓangaren kudu, wato Riruwai da Falgore da Tiga, a ƙarshen Satumba ko Oktoba, ɓangaren Jigawa kuma a Disamba ko Janairu. In dole sai a karo ɗaya, a zaɓi ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba. Lokacin ruwan sama ya ɗauke, burji ya bushe, rafuka ba su ƙafe ba, daji na nan kore, gonaki cike da dawa da masu girbi, ƙurar hunturu kuma ba ta rufe sararin sama ba tukuna. Wannan ƙurar ba ƙaramin abu ba ce ga mai son hangen nesa: a tsakiyar Janairu kana iya hawa dutse ka kasa ganin ƙauyen da ke gindinsa.

Mota da guzuri da abokan tafiya

Mako guda kafin tafiya ka kai mota wurin bakanike, kada ka bari sai ana gobe. A duba birki, a canza baƙin mai in lokacinsa ya yi, a duba lagireto da fambel da batir da fitilu. Tayoyi su ne suka fi ba da wahala a irin wannan hanya, don haka ka tabbatar safaya na da iska, jak da sifana suna cikin but, kuma kai da kanka ka iya canza taya. Ƙaramar mota za ta kai ka yawancin wuraren da ke kan kwalta. Inda kwalta ta ƙare, kada ka tilasta mata. Ka ajiye ta a ƙofar gidan mai unguwa ka hau babur, ɗan acaɓan garin ya fi kowace mota sanin inda yashi yake.

Wajen lissafin mai, ka ɗauka za ka ci kusan kilomita 1,000 in ka yi zagayen gaba ɗaya da ratse-ratsensa. Ka san litar da motarka ke sha a kilomita 100, ka ninka, sannan ka ƙara kashi ɗaya cikin uku a kai. Duk garin da ka samu gidan mai mai kyau, ka cika tanki ko da bai kai rabi ba. Takardun mota da lasin su kasance a hannu, domin shingayen jami'an tsaro da na kiyaye haɗurra suna da yawa, musamman a hanyar Jos. Ka riƙe tsabar kuɗi, ƙananan canji, saboda akwai wuraren da sabis ke ɗaukewa, mai POS ma sai ya zuba maka ido.

Ruwan sha shi ne kan gaba a guzuri: jarka ɗaya ta sha, wata daban ta alwala da lagireto. Sai dabino, ƙuliƙuli, kilishi, gurasa, abin da ba ya lalacewa da wuri. Fura da nono da tsire za ka samu a hanya. Ka ɗauki tocila mai ƙarfi, takalmi rufaffe mai kama ƙasa, hula ko malafa, tabarma, buta, gidan sauro, da ɗan akwatin magani mai bandeji da maganin ciwon kai da gishirin zawo. Silifas a kan jiƙaƙƙen dutse neman karaya ne.

Mutum uku zuwa huɗu a mota sun isa, kuma ya kasance aƙalla biyu sun iya tuƙi. In da mata da yara, a rage hawan dutse, a ƙara lokacin hutu, a kuma tabbatar da masauki tun kafin a tashi. A gida a bar wa wani tsarin tafiyar, garin da za a kwana kowace rana. Tafiyar ta kai ta ƙasaru, wanda bai san hukuncinta sosai ba ya tambayi malaminsa kafin a tashi.

Yadda ake shiga gari

Wannan matakin ya fi duk sauran muhimmanci, shi ya sa na sa shi kafin hanya. Babu dutse ko rafi ko fadamar da ba ta da masu ita. Da ɗan gari akan ci gari. Ko da taswirar waya ta nuna maka wurin, ka fara da ƙofar mai unguwa ko dagaci. Ka yi sallama, ka cire takalmi, ka durƙusa, a gaisa a tsanake, a tambayi iyali da damina da jama'a. Sai an gama sannan ka ce: "Ranka ya daɗe, baƙi ne mu daga wuri kaza, mun zo ganin dutsen nan ne in an ba mu izini, muna kuma roƙon a haɗa mu da wanda zai raka mu." Ɗan goro ko abin goro a hannu ba cin hanci ba ne, ladabi ne. Mafi yawa za ka ji an ce, "Madalla, kai wane, zo ka raka bayin Allahn nan."

Amfanin wannan ya wuce ladabi. A yanayin da ake ciki, baƙuwar mota da baƙin fuskoki a bakin daji abin tsoro ne ga mutanen ƙauye, kuma suna da gaskiya. In mai gari ya san da kai, 'yan sintiri sun san da kai. In kuma ya ce, "Malam, yau dai a haƙura da wancan ɓangaren," to ka haƙura, kada ka nemi dalili. Ɗan rakiya kuma ku yi magana a kan abin da za ka ba shi tun kafin a tashi, in an dawo ka ƙara masa.

Rana ta farko: Falgore da Riruwai

Ka tashi daga Kano da an idar da sallar asuba. Ka ɗauki hanyar Zariya, ka wuce Kura da Kadawa da Ciromawa har Kwanar Ɗangora, nan ka karya hagu ka kama hanyar Jos. Tudun Wada ne babban gari na ƙarshe kafin daji: ka sha mai, ka karya kumallo, ka je tasha ka tambayi direbobin haya yadda hanya take a wannan makon. Su ne ke bin ta kullum, labarinsu ya fi na rediyo sabo.

Dajin Falgore ya shafi ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, kuma a da da sunan Kogin Kano aka san shi. A 2020 gwamnatin tarayya ta sa shi cikin dazuzzuka 10 da aka amince su zama gandun daji na ƙasa. Kwalta ta ratsa shi, kuma ga wanda ya saba da filayen arewacin Kano, abin da zai fara lura da shi shi ne yadda itatuwa ke ƙara tsawo da kauri: doka, maje, taura, kaɗanya, maɗaci a bakin rafuka. Kada ka sa rai da ganin manyan namun daji daga kan titi, in ka yi sa'a ka ga birai da tsuntsaye. Dajin ya yi suna da ɓarayin shanu da 'yan fashi a shekarun baya, don haka ƙa'ida ɗaya ce: a ratsa shi da rana, a bi ayarin wasu motoci, ba a tsayawa ɗaukar hoto inda babu jama'a. Mai son shiga cikin dajin sai ta hannun ma'aikatan gandun daji.

Bayan ka fita, a yankin Doguwa, ka tambayi kwanar Riruwai. Nan ƙasa ke tashi. Duwatsun Riruwai su ne mafi tsayi a Jihar Kano, kuma garin tsohon wurin haƙar kuza ne. Tun kafin zuwan Turawa ake narka ta a nan, fatake na ɗauka suna kai wa kasuwanni. Wannan tarihin yana da nasa haɗari ga mai yawo: akwai tsofaffin ramukan haƙa, wasu ciyawa ta rufe bakinsu, wasu sun cika da ruwa sun zama kamar tafki. Kada ka bar sawun ɗan rakiya, kada kuma kowa ya shiga irin wannan ruwa.

Ka ce wa mai rakiya ya kai ka inda ruwa ke faɗowa mafi kusa da za a iya zuwa a dawo kafin azahar. In kun isa, ka fara tsayawa daga nesa ka karanci wurin. Dutsen da ya yi baƙi ko kore gansakuka ce a kansa, santsinsa ba ya ba da gargaɗi. Gindin magangara, inda ruwa ke dukan ƙasa, ya fi yadda ake zato zurfi, kuma ruwan yana juyawa a ƙasa ko da samansa ya yi lumus. Hoto daga gefe ake ɗauka, ba daga leɓen dutse ta sama ba. Abu na ƙarshe, wanda mutanen gari suka sani baƙo bai sani ba: ana iya yin ruwa a kan tudu kai kana cikin rana. In ka ga ruwan rafi ya fara yin ja, ko yana kawo ganye da ƙirare, ko ka hangi hadari ya haɗu ta saman duwatsu, ku fita daga kwarin nan take ku hau tudu.

Ku yi azahar a Riruwai ku juyo, ya zama kun fito daga Falgore kafin la'asar ta yi sanyi. A kwana a Tudun Wada ko a ƙarasa Tiga.

Rana ta biyu: gaɓar Tiga da duwatsun Rurum

An gina madatsar Tiga tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Tafkin da ta tara ya kai faɗin wajen murabba'in kilomita 178, yana ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Daga nan babbar hanyar ruwa ke fita ta shayar da gonakin Kadawa da Kura, inda shinkafa da tumatir da alkamar da ke cika kasuwannin Kano ke fitowa. Hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da madatsar, don haka kafin ka ɗauki hoton ƙofofin ruwa ko ka hau bangon, ka nemi izinin ma'aikatan da ke wurin.

Da sassafe ake zuwa bakin Tiga. Lokacin masunta ke dawowa da abin da suka kwana suna nema, karfasa da tarwaɗa da sauransu, masu saye na jira da kwanduna, ruwan kuma a kwance yake kafin iska ta taso. Ka sayi kifi a soya maka a nan. Tsohon otal ɗin Rock Castle yana kan dutse a gefen tafkin, kuma daga wannan tudun ne ake ganin faɗin ruwan sosai, da duwatsun da suka zama tsibirai a cikinsa.

In za ka shiga kwalekwale, ka bi ta hannun sarkin ruwa ko shugaban 'yan fito. Ka duba jirgin da idonka: in ana kwarfe ruwa daga cikinsa tun yana gaɓa, ka nemi wani. Kada ka shiga jirgin da aka cika, kada ka shiga da yamma, kuma ka nemi rigar ruwa, in babu ka tsaya kusa da gaɓa. Hatsarin jirgin da ya faru a Bagwai a ƙarshen 2021, wanda ya ci rayukan ɗaliban Islamiyya, har yanzu yana zukatan mutanen Kano, kuma lodi fiye da kima na cikin abin da aka ambata. Wanka kuma ni ban ba da shawararsa ba, ko ga wanda ya iya iyo. Ruwan da ke kwance a madatsu da magudanun noman rani yana ɗauke da tsargiya, wadda ke shiga ta fata ba tare da ka ji komai ba. Wanda ya shiga ya ga jini a fitsari bayan makonni, ya je asibiti, tana da magani.

Da hantsi ka kama hanyar Rurum zuwa Rano. Duwatsun Rurum manya ne, jibga-jibge, wani a kan wani, da loko-loko a tsakaninsu inda makiyaya ke fakewa ruwa. Nan za ka fara koyon shiga kogo. Ka haska tocila kafin ka sa ƙafa, kada ka zura hannu a ramin da ba ka ga cikinsa ba, kuma ka saurara: in ka ji gunjin ƙudan zuma, ku ja da baya a hankali ba tare da hayaniya ba. Turare mai ƙarfi yana tayar da su, don haka ranar hawan dutse a bar turare a mota. In tsautsayi ya sa maciji ya sari wani, kububuwa ce ko kasa ko gamsheƙa, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A kwantar da shi, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa babban asibiti mafi kusa.

Rano na cikin Hausa Bakwai, ita da Kano ake kira sarakunan baba saboda rini. Ka kwana a nan ko ka koma Kano.

Rana ta uku: zanen Birnin Kudu

Akwai hanyoyin ratse daga Rano ta Kibiya, amma sai ka tambayi halin da suke ciki a wannan shekarar. Wadda ba ta da shakka ita ce ta Wudil. Ka tsaya kusa da gadar ka dubi kogin: ruwan da ka bari jiya a Tiga ne, ya haɗu da na Challawa. In Juma'a ce, ranar kasuwar shanu ce, sai ka yi sammako ko ka yi haƙuri da cunkoso. Daga Wudil ka miƙe ta Kwanar Huguma har Birnin Kudu, wajen kilomita 130 daga Kano.

Wuraren da za ka nema su ne Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu. Suna cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa, ƙarƙashin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, don haka ka fara neman ma'aikacinta a garin, shi zai buɗe maka ya kuma nuna maka abin da idonka kaɗai ba zai gano ba. Ka sani tun yanzu, ba koguna ne masu zurfi da ake shiga da igiya ba. Irin waɗannan sai Ogbunike a Anambra, ko ɗakunan da aka sassaƙa a jikin dutse a Yankari ta Jihar Bauchi. Na Birnin Kudu rumfuna ne na dutse, inda wani ƙaton dutse ya rufa a kan wani ya bar inuwa, a jikin bangon kuma aka yi zanen.

In ka shiga, ka ba idonka lokaci. Da farko ba za ka ga komai ba sai jan tabo a jikin dutse. Can sai ƙaho ya fito, sai ƙafafu, sai ka ga saniya ce a tsaye. Yawancin zanen na shanu ne, wasu masu dogon ƙaho, wasu gajere. Yanzu ka duba bayansu da kyau: ba su da tozo. Duk saniyar da ka gani a kasuwar Wudil da safe, bunaji ce ko rahaji, da tozonta. Waɗannan na jikin dutse wani iri ne da ba a kiwonsa a ƙasar Hausa yanzu, wato waɗanda suka zana su sun yi kiwo a nan tun kafin shanun da muka sani su mamaye ƙasar. A ganina wannan kaɗai ya isa dalilin tafiyar. Yaron da aka nuna wa wannan da idonsa, ya fahimci cewa ƙasar da yake takawa ta daɗe da mutane, fiye da abin da za a gaya masa a aji.

Kusa da zanen akwai duwatsu masu amo, waɗanda in an buga su da ƙaramin dutse suke ƙara irin ta ƙarfe. Bernard Fagg, masanin kayan tarihin da ya yi aiki a gidan tarihi na Jos, ya yi rubutu a kansu bayan ya zo nan a 1955. Za ka ga gurabun da bugu ya lotsa a jikinsu, kowane gurbi da irin muryarsa. In mai kula da wurin ya yarda, ka buga a hankali a inda aka saba bugawa, kada ka buɗe sabon wuri.

Roƙona a nan da gaske nake yinsa. Kada ka taɓa zanen da hannu, maiƙon tafin hannu yana cinsa. Kada ka watsa masa ruwa don ya fito a hoto, wannan dabarar ita ce ke kashe shi. Kada ka rubuta sunanka da gawayi ko alli, kada a hura wuta a ƙarƙashin rumfar. Abin da ya tsira daga damina bayan damina, wuni ɗaya na sakaci ya isa ya shafe shi, kuma babu mai iya mayar da shi. Hasken safe ko na bayan la'asar ya fi fito da zanen, rana tsaka tana disashe shi. In wani abu ya faru na rashin lafiya, akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya a garin.

Da yamma ka ƙarasa Dutse ka kwana. In da sauran rana, ka shiga Garu, tsohon garin da fadar sarki take a tsakiyar duwatsu, ka sayi dabinon Dutse na guzurin gobe.

Rana ta huɗu da ta biyar: Haɗeja da Baturiya

Daga Dutse ka bi ta Kiyawa da Jahun zuwa Gujungu, ka karya gabas zuwa Haɗeja. Duwatsu sun ƙare. Ƙasa ta kwanta, jigawa da fadama suna musanya, goruba ta fara yawa. Ka isa da wuri, ka kama masauki, ka zaga kasuwar kifi, ka kuma shirya maganar gobe: wanda zai raka ka, da jirgin da za ka shiga in ruwa bai janye ba. Baturiya tana ƙaramar hukumar Kirikasamma, ɓangare ce ta fadamun Haɗeja da Nguru. A 2008 aka sa ta cikin jerin dausayin duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar, kuma ita ma tana cikin dazuzzukan nan 10 na 2020. Akwai ma'aikatan da ke gadinta, ta hannunsu da na mai gari za ka shiga.

Tsuntsu ba ya jiran mai barci. Ka kasance a bakin ruwa gari na wayewa, cikin tufafi marasa haske, ka rage magana, ka sa rana a bayanka. Za ka ga kirinjijiya garke-garke, da dinya, da zalɓe a tsaye cikin ruwa, da balbela, da ƙananan tsuntsayen bakin ruwa da agwagin da suka ƙetaro Sahara daga Turai don su yi hunturu a nan. In kana da madubin hangen nesa ka zo da shi, in babu, idon masuncin da ke tuƙa ka ya isa, shi zai nuna maka abin da ke cikin ciyawa tun kafin ya tashi.

Ka tambaye shi labarin kacala. Zai nuna maka doguwar ciyawar da ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama maɓoyar jan-baki masu cin shinkafa. A nan ne za ka ga ɗaya fuskar abin da ka gani a Tiga. Kafin a gina ta, da madatsar Challawa da aka kammala a 1992, kogin kan cika ya malala a damina, ya janye ya bushe a rani. Da aka tare shi, ambaliyar da ke ciyar da fadama ta ragu, ruwa kuma ya koma gudana kaɗan-kaɗan duk shekara, irin yanayin da kacala ke so ke nan. Manomin Kura ya samu noman rani, masuncin nan ya samu ciyawar da yake yanka da lauje daga cikin jirgi. Duka biyun gaskiya ne, kuma wanda bai je wuraren biyu ba ɗaya kawai zai sani.

Sauro a nan ba na wasa ba ne, ka kwana cikin gidan sauro ko da a ɗaki ne, wanda kuma ya ji zazzaɓi bayan an dawo ya je a gwada jininsa. Kada ka sayi tsuntsun da aka kama ko ƙwansa, ko da an yi maka tayi da araha. Ledar ruwa da robar lemo ku mayar da su mota.

Zuwa hantsi tsuntsaye sun watse, rana ta fara zafi. Ku sallami mai jirgi da ɗan rakiya, ku koma ku yi wa mai gari ban kwana, wannan ba a tsallake shi. Daga Haɗeja ka cika tanki, ka duba iskar tayoyi, ka biyo ta Gujungu da Gezawa. In kun tashi bayan azahar, da yardar Allah za ku shiga Kano kafin magariba.